Me Ya Sa Barkwancin Wasu Katun Na Kirsimeti Ke Tsufa Da Wuri?

Tambaya: Ina koyon rubuta labarin katun. Na kalli shirye-shiryen Kirsimeti na Amurka, tsofaffi da sababbi, sai na ga wani na shekarun 1960 har yau yana ba mutane dariya, wani kuma da bai fi shekara 15 ba ya riga ya yi lami. Yaya marubuta ke saka barkwanci da shaguɓe kan abubuwan da ake yayi ba tare da shirin ya lalace ba?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da sanin irin hajar da ake sayarwa. Shirin katun na mako-mako ana yinsa ne don a kalla yau, gobe a wuce wurin. Na Kirsimeti kuwa gidan talabijin yana zuba masa kuɗi ne da niyyar ya maimaita shi kowace Disamba, shekara 20 ko 30 in an yi sa'a. Saboda haka duk wata raha da za ta shiga cikinsa sai an yi mata tambaya ɗaya: yaron da ba a haifa ba tukuna, in ya kalla, zai yi dariya? Barkwancin da ya jingina da abin yayi ɗanyen tumatir ne, ranar da aka tsinko shi ya fi daɗi, kwana kaɗan ya ruɓe. Wanda ya fito daga halin ɗan wasa kuwa kuka ce, tana shekara a tulu ba ta canja ba.

Misali mafi kyau yana cikin shirin The Simpsons na farko da tashar Fox ta haska a ranar 17 ga Disamba 1989, wanda shi kansa na Kirsimeti ne. Uban gidan, Homer, bai samu kuɗin ƙarshen shekara a wurin aiki ba, sai ya nemi aikin shigar Santa, dattijon nan mai raba wa yara kyautar Kirsimeti, a wata babbar kasuwa. A ajin horaswa aka ce ya jero sunayen barewar da ke jan keken Santa. Ya fara daidai, sai ya rikice: inda ya kamata ya ce Vixen ya ce Nixon, a ƙarshe kuma ya haɗe sunaye biyu ya ce Donna Dixon. Nixon tsohon shugaban Amurka ne, har yau ana saninsa. Donna Dixon 'yar wasan talabijin ce da aka yi yayinta a farkon shekarun 1980, yawancin masu kallo na yau ba su taɓa jin sunanta ba. To amma wurin har yanzu yana ba da dariya, domin dariyar ba a kan sunan take zaune ba. Tana zaune ne a kan mutumin da bai san amsa ba, ya ƙi yin shiru, yana cike gurbi da duk abin da ya yi amo iri ɗaya. Wanda ya san matar ya samu gyara a kan abin da ya saya. Wanda bai san ta ba bai yi asarar komai ba.

Wannan shi ne gwajin da za ka riƙa yi wa kowane layi. Ka rufe sunan da yatsa, ka sa sunan banza a madadinsa, ka karanta wa wani. In ya yi murmushi, rahar tana da ƙafarta. In ya tsaya yana kallonka, to ba raha ka rubuta ba, suna kawai ka ambata, kana jiran mai kallo ya yi murnar cewa ya gane. Wannan murnar tana aiki shekara biyu ko uku. Daga nan sai wurin ya zama rami a tsakiyar shirin: 'yan wasa sun dakata suna jiran dariya, ɗaki ya yi tsit.

Akwai kuma matsalar lokaci, wadda masu koyo ba su cika lissafawa ba. Shirin rabin awa a talabijin ɗin Amurka minti 22 ne, sauran tallace-tallace. Irin su The Simpsons kowane shiri yana cin wata 6 zuwa 9 daga rubutu zuwa haskawa: a rubuta, 'yan wasa su zauna su karanta a teburi ɗaya a ji inda aka yi dariya, a gyara, a naɗi murya, a zana labarin a jere hoto-hoto, a haɗa hotunan da murya a kalla kafin a sa motsi, sannan a tura wa masu zane, sau da yawa a Koriya ta Kudu, a dawo da shi da launi. Wato rahar da za a ji a Disamba tun Maris ko Afrilu aka rubuta ta. Waƙar da ta cika gari a Afrilu, kafin Disamba an gaji da ita. South Park ne ya kauce wa wannan, domin zanensa mai sauƙi ne, da kwamfuta ake motsa shi, kuma masu shi kan gama shiri cikin kwana 6. Shi ya sa suke iya taɓo labarin makon da ake ciki. In kai ba ka da irin wannan saurin, kada ka yi tsere da labaran yau.

In kuwa dole sai ka taɓo wani sabon abu, akwai wuraren da ake ajiye shi don ya yi arhar cirewa. Layin da ɗan wasa ya faɗa fuskarsa na kallon kyamara yana da tsada, domin bakin an zana shi ne daidai da gaɓoɓin maganar, in ka canja layin sai an sake zanen baki ko kuma ka nemo sabon layi mai tsawo iri ɗaya. Layin da aka faɗa daga bayan fage, ko ɗan wasa ya juya baya, ko muryar rediyo da ke cikin ɗaki, wannan a rana ɗaya ake sake naɗarsa. Haka allon shago da kwalin abin wasa da ke bayan 'yan wasa. Can ake zuba rahar yayi. Ranar da ta tsufa sai ta koma kayan ado, ba ta tare wa labari hanya. Shirin Charlie Brown na 1965 ma ya fuskanci haka: kamfanin Coca-Cola ne ya ɗauki nauyinsa, sunansa ya fito a farkon shirin da ƙarshensa, daga baya aka yanke wuraren ba tare da labarin ya girgiza ba.

Tunda an ambace shi, bari mu tsaya a kansa, domin shi ne malamin sauran. A Charlie Brown Christmas ya fita a tashar CBS ranar 9 ga Disamba 1965. Charles Schulz ya rubuta, Bill Melendez ya ba da umarni, an yi shi cikin kusan wata 6. Mutane kan ɗauka babu abin yayi a cikinsa, alhali cike yake da shi. A lokacin ana yayin bishiyar Kirsimeti ta ƙarfen alminiyam mai ƙyalli. Sai aka aiki Charlie Brown ya sayo bishiya, Lucy ta ce ya samo babbar ta alminiyam, wataƙila ma mai ruwan hoda. A wurin sayarwa Linus ya ƙwanƙwasa ɗaya ta yi ƙara kamar garwa. Yau ba kowa ya taɓa ganin irin bishiyar ba, amma ƙarar ƙarfe daga abin da ya kamata ya zama itace ba ta buƙatar bayani. Ka lura da dabarar: ba a ambaci sunan kamfani ba, an nuna abin, an bari ya yi wa kansa ba'a.

Sauran rahar shirin duk a kan hali ɗaya take, wato yara masu magana da bakin manya. Lucy ta buɗe rumfar ba da shawarar ƙwaƙwalwa a kan santi 5, kuma kafin ta saurari mai matsala sai ta girgiza gwangwanin kuɗin tana jin daɗin ƙararsa. Da aka zo maganar kyautar da take so, ta ce fili da gidaje. Sally ƙarama tana shifta wa wanta wasiƙa zuwa ga Santa, ta ce in kayan sun yi yawa ya aiko da kuɗi kawai, 'yan goma-goma da ashirin-ashirin. Akwai wurin da Lucy ta rena Beethoven saboda ba a taɓa buga hotonsa a katin cingam ba. Katin cingam abin yaran Amurka ne na wancan zamani, amma auna babban mawaƙi da ma'aunin yara ba ya tsufa. Kwaɗayi da son a sani ba su da shekarar fita yayi.

Abu biyu Schulz ya ƙi yarda da su, kuma su suka tsawaita ran shirin. Na farko, dariyar da aka naɗa ake sakawa bayan kowace raha, wadda ta zama ruwan dare a talabijin na lokacin. Da an saka ta, da yau duk rahar da ta mutu za a ji taron mutane na ƙyaƙyata mata, abin ya ƙara muni. Na biyu, ya ƙi a cire wurin da Linus ya tsaya a tsakiyar dandamali ya karanta labarin haihuwar Yesu daga Linjilar Luka, sura ta 2, aya ta 8 zuwa ta 14. Kusan minti guda babu raha ko ɗaya, babu kiɗa. Masu shirya shirin sun ji tsoron wurin, amma shi ne ya ba sauran barkwancin nauyi. A nan akwai darasin sana'a: yawancin shirye-shiryen da suka daɗe suna yi wa kasuwanci ba'a, da Santa, da surukai, da layin sayayya, amma suna barin ibadar mutane a inda take. South Park ya zaɓi akasin haka da gangan, kuma shiri ne na manya da ake haskawa da dare. In masu kallonka iyali ne da za su zauna falo ɗaya, kaka da jika, balle a gari irin Jos ko Kaduna inda maƙwabta Musulmi da Kirista kan kalli abu ɗaya, wannan iyakar ba abin wasa ba ce.

Yanzu ga irin shaguɓen da ya fi kowanne aminci: shaguɓe ga sauran labaran Kirsimeti. Dalili kuwa mai sauƙi ne, su ma ana maimaita su duk shekara, saboda haka ba sa fita daga kan mutane. Labarin Charles Dickens na 1843, na attajirin marowaci da fatalwowi uku suka ziyarta a dare ɗaya, an sake shi a katun ba adadi, tun daga na Mister Magoo a 1962 har na Mickey a 1983, inda aka ba agwagwa Scrooge McDuck matsayin marowacin da aka samo sunansa daga gare shi tun asali. Haƙƙin mallakar littafin ya daɗe da ƙarewa, kowa na iya ɗauka. A cikin shirin Simpsons ɗin nan na 1989, da Homer zai zuba dala 13 da suka rage masa a cacar tseren karnuka, ɗansa Bart ya ƙarfafa masa gwiwa da cewa talabijin ta koya masa abin al'ajabi yana faruwa ga yaran talakawa a Kirsimeti, ya faru ga Tiny Tim na labarin Dickens, ya faru ga Charlie Brown, ya faru ga Smurfs. Karen da suka zaɓa, mai rabon 99 a kan 1, ya zo na ƙarshe. Ka ga yadda shaguɓen ya yi aiki biyu: ya ba da dariya, ya kuma ɗaga tsammanin mai kallo don a kayar da shi. In shaguɓe bai tura labari gaba ba, kuma bai nuna halin mai faɗarsa ba, ana iya cire shi, kuma yawanci gara a cire.

Ana kuma yin shaguɓe ba da baki ba. Kamfanin Rankin/Bass, mai shirin barewa Rudolph na 1964, ya yi amfani da 'yan tsana da ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Wannan salon ya zauna a kan Amurkawa har ya zama da an ga motsin nan mai ɗan tsalle-tsalle an tuna Kirsimeti. SpongeBob ya yi shirinsa na 2012 da irin wannan salon, ba sai an ce komai ba. Zaɓen murya ma shaguɓe ne. A shirin Grinch na 1966 mai ba da umarni Chuck Jones ya ɗauko Boris Karloff, wanda duniya ta sani da fitowa a dodon Frankenstein a 1931, ya ba da labarin. Iyaye sun gane muryar, sun yi murmushi. Yara sun ji murya mai daɗi da ɗan ban tsoro, ya ishe su. Rankin/Bass kuwa har zana mai ba da labari suke yi da kamannin tauraron da ya yi muryar, kamar Fred Astaire a shigar ɗan aike da wasiƙu a 1970. Yau yara ba su san shi ba, suna ganin dogon ma'aikacin gidan waya mai iya rawa, kuma babu laifi.

A ganina Shrek the Halls na 2007 yana tsakiya. Rahar da ta fi ƙarfi a cikinsa ita ce dodon da bai taɓa yin Kirsimeti ba ya je ya samo littafin koyarwa na dolayen ƙauye, yana bi mataki-mataki. Ba'a ce ga jerin littattafan nan na koyi-da-kanka da aka yi yayi a Amurka, amma uba da ke ɓoye jahilcinsa ga iyalinsa abin dariya ne ko ba ka san littattafan ba. Inda irin waɗannan shirye-shiryen na shekarun 2000 suka fi saurin tsufa shi ne wurin waƙoƙin rediyo da ake jefawa don 'yan wasa su taka rawa. Da ka ji waƙar ka san shekarar.

Maganar waƙa kuma maganar kuɗi ce. Waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara kalmomi da karin, da na wanda ya naɗi wannan muryar da kake ji. In ka sa faifan wani a shirinka, izini biyu kake nema. In ka sake rerawa da kanka, ɗaya. A Amurka tsofaffin ayyukan da aka wallafa suna fita daga haƙƙin mallaka bayan shekara 95. Shi ya sa Jingle Bells ta 1857 da Silent Night ta 1818 suke ko'ina, kowa yana canja musu baiti yadda ya so. White Christmas ta Irving Berlin da waƙar Rudolph ta 1949 kuwa har yanzu suna da masu su. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka duk waƙar Kirsimeti ta kowa ce. Na biyu, a ɗauki tsohuwar waƙa amma a yi amfani da sabon faifan wani mawaƙi, sai na'urar YouTube ta gano shi, a toshe bidiyon ko a karkatar da kuɗin tallansa. Kwaikwayon ba'a yana da kariya a dokar Amurka, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1994, amma ta bambanta tsakanin wanda yake yi wa waƙar kanta ba'a da wanda ya ari karinta kawai don ya soki wani abu daban. Na biyun kariyarsa ba ta da ƙarfi. Kuma wannan dokar Amurka ce, kowace ƙasa da tata.

Sai auna lokaci, wanda shi ne rabin dariyar katun. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, katun ɗin talabijin kan riƙe zane ɗaya na hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Da wannan ake lissafin raha. Bayan an faɗi layin dariya, ka bar fuskar wanda aka faɗa wa a tsaye kamar rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya, hoto 12 zuwa 24, kafin ya mayar da martani. In ka gaggauta, layi na gaba zai taka dariyar. In ka ja shi ya kai daƙiƙa biyu, mai kallo zai ji kana roƙonsa. Rubutun allo da kake so a karanta, ka bar shi ya daɗe yadda kai za ka karanta shi sau biyu da ƙarfi. Wanda ka ɓoye don masu tsayar da hoto kuwa ko daƙiƙa ɗaya ta isa, amma kada labari ya dogara da shi. Ka kalli karen Grinch, Max, lokacin da aka ɗaura masa ƙaho ɗaya a ka: nauyin ya rinjaye shi a hankali har ƙafafun baya suka tashi sama, sai da aka yanke rassan ƙahon ya dawo ƙasa. Babu kalma ko ɗaya, babu sunan kowa, saurin faɗuwar ne kawai aka auna. Irin wannan ce rahar da ke tsallaka harshe. In aka zo juya shiri zuwa wani harshe, kamar yadda ake juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, wasan kalmomi da sunayen taurari su ne ke fara zubewa, sai mai fassara ya ƙirƙiro nasa. Faɗuwar kare ba ta buƙatar tafinta.

Ga yadda za ka bi da rubutunka a aikace. Ka gama labarin tukuna babu shaguɓe ko ɗaya, ka tabbata mutum zai iya ba da shi a jimla uku: wa ke son me, me ya hana shi, me ya samu a madadi. Sannan ka bi shafi-shafi da alƙalami kala uku. Kala ɗaya ga rahar hali, ɗaya ga rahar gani, ɗaya ga duk wadda sai an san wani abu na waje kafin a gane. In kala ta uku ta fi sauran yawa a shafi, shafin zai mutu da wuri. Shawarata, a minti 22 kada waɗanda suka dogara kacokan da sunan wani tauraro ko wata haja su wuce uku ko huɗu, kuma kada ko ɗaya ta zama ita ce ke warware labarin. Daga nan ka karanta wa mutum biyu, yaro ɗan shekara 8 da dattijo ɗan 60, kowa daban. Inda ɗaya ya yi dariya ɗaya ya yi shiru amma bai ɓata ba, ka bari. Inda wani ya ce "wane ne wannan?", ka sa alama, domin tambayar ta fitar da shi daga labarin.

Wuri na ƙarshe da ake yawan ɓatawa shi ne minti uku na ƙarshe. Marubuci ya gina tausayi, sai ya ji kunyar abin, ya jefo shaguɓen wani fim don ya nuna shi ma wayayye ne. Nan take abin da ya tara ya zube. Ana iya yin raha a wurin, amma sai ta fito daga cikin gidan. A shirin Simpsons, mai karen da ya sha kaye ya kore shi, karen ya ruga ya faɗa hannun Homer. Homer ya fara ƙin ɗaukarsa, yana lissafa aibinsa, cewa ba ya cin tsere, abin tausayi ne, sai ya tsaya a tsakiyar magana ya gane cewa siffar 'yan gidansu yake jerowa. Suka tafi da shi gida, kuma karen yana cikin shirin har yau.